YADDA MASU SHIRYA WASANNIN KWAMFUTA KE MAI DA JARUMI AZZALUMI

A cikin watan Yuli na shekarar 2002 ne wani kamfani na ƙasar Amurka mai suna Blizzard Entertainment, wanda hedkwatarsa ke garin Irvine a Jihar Kalifoniya, ya fito da wani wasan kwamfuta da ake kira Warcraft III. Kafin wata guda ya cika an sayar da fiye da miliyan 1. Wasan na yaƙi ne, wato mai wasa yakan gina sansani, ya tara dakaru, kana ya riƙa ba su umurni ta na'ura. Amma abin da ya sa har yanzu ake zancensa, bayan shekaru fiye da 20, shi ne labarin wani yarima mai suna Arthas, wanda ya shiga fage yana kare talakawan mahaifinsa, ya fita yana mai kashe mahaifin nan da hannunsa.

Labarin duk ƙage ne, ba wata ƙasa ko wani sarki na gaske a ciki. Duk da haka ya kamata a duba yadda aka shirya shi, domin miliyoyin matasa a ƙasashen duniya sun ɓata sa'o'i masu yawa a kansa, ga shi kuma tambayar da ya tayar tsohuwa ce, wato ta wace hanya ne mutumin kirki yakan lalace sa'ad da iko ya shiga hannunsa?

DAGA GATA ZUWA ƁATA

Bisa ga labarin, wanda Chris Metzen ya jagoranci tsarawa, Arthas ɗan Sarki Terenas ne na ƙasar Lordaeron. An horar da shi a cikin wata ƙungiya ta barade masu rantsuwar kare raunana, a ƙarƙashin wani dattijo mai suna Uther. Ana nan sai annoba ta ɓarke a arewacin ƙasar. Wasu matsafa ne suka zuba ta a cikin hatsi, duk wanda ya ci sai ya mutu, ya tashi gawa mai yawo, ya auka wa 'yan'uwansa.

Masu shirya wasan sun raba wannan sashe na labarin zuwa babi 9, kuma ba su yi gaggawa ba. A babi biyar na farko ba abin da mai wasa ke gani sai yarima mai ƙwazo, mai tausayi, sai dai ɗan zafin zuciya da ƙin jin shawara. Wannan ɗan aibi shi ne irin da suka shuka tun da wuri. Fiye da shekaru 2,300 da suka wuce, masanin nan na ƙasar Girka, Aristotle, ya bayyana cewa wasan da ya fi taɓa zuciya shi ne wanda babban mutum ya faɗi a cikinsa saboda wani kuskure nasa, ba don mugunta tsagwaronta ba. A kan wannan turba ce aka bi da Arthas.

A babi na 6 yariman ya iso birnin Stratholme, ya tarar an riga an raba gurɓataccen hatsin. Nan take ya yanke shawarar a hallaka mutanen birnin kafin su rikiɗe. Uther ya ƙi, Arthas ya zarge shi da cin amanar sarauta, ya tuɓe shi daga shugabancin rundunarsa. Jaina Proudmoore, wadda ke ƙaunarsa, ita ma ta juya ta tafi. Akan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma a nan fadawan ne suka faɗi gaskiya, mai iko ya toshe kunne.

Daga nan kowane mataki ya fi na baya muni. Ya bi wani aljani mai suna Mal'Ganis zuwa Northrend, ƙasar ƙanƙara. Da manzon mahaifinsa ya zo da umurnin dakaru su koma gida, sai ya ɗauki sojojin haya suka ƙone jiragen ruwan rundunar, sa'an nan ya ɗora musu laifin, ya sa aka kashe su. A Stratholme yana iya cewa tilas ce ta sa shi. A nan kuwa ƙarya ce da cin amana, don kawai kada a hana shi ɗaukar fansa. A babi na ƙarshe ya samu wani takobi mai suna Frostmourne. Abokinsa Muradin ya karanta rubutun da ke jikin dakalin takobin, ya gargaɗe shi cewa la'ananne ne. Arthas ya ce ya yarda da kowace irin la'ana muddin zai ceci ƙasarsa. Takobin ya sace ruhinsa, ya koma gida jama'a na yi masa maraba, ya shiga fada ya soke mahaifinsa. Garin neman gira an rasa ido.

HANNUN MAI WASA A CIKI

Bambancin wasan kwamfuta da littafi ko sinima shi ne, a nan mai wasa da kansa yake aiwatar da abin. A babin Stratholme an ɗora masa sharaɗin ya hallaka mutum 100 daga cikin waɗanda annobar ta kama kafin Mal'Ganis ya tara nasa 100. Shi ne zai tura dakaru su rushe gidaje, shi ne zai ba da umurnin sara. Idan ya ƙi, wasan ba zai ci gaba ba. Bugu da ƙari, an shirya al'amarin yadda ba a ga wata mafita mai sauƙi, domin mutanen lalle za su rikiɗe. Saboda haka ne masu sha'awar wasan suka daɗe suna gardama a kan ko yariman ya yi daidai, kuma wannan gardamar ita ce ribar masu tsarawa.

Da aka shiga sashe na biyu, mai wasa ya ci gaba da riƙe Arthas ɗin nan, amma yanzu a matsayin jagoran gawawwaki. Da shi zai kashe Uther don ƙwace tulun da ke ɗauke da tokar mahaifinsa, da shi kuma zai rushe ƙasar Quel'Thalas.

SUTURA DA MAKAMI

Masu zane, a ƙarƙashin Samwise Didier, sun sa ido ya fahimci canjin ko da kunne bai ji bayani ba. Arthas na farko yana da gashi ruwan zinariya, da sulke mai shuɗi da ruwan gwal, yana tafiya a ƙasa tare da dakarunsa riƙe da guduma. Na biyu gashinsa ya yi fari fat, fatarsa ta koɗe, sulkensa ya yi duhu an yi masa ado da ƙoƙon kawunan mutane, yana bisa wani doki wanda shi ma gawa ne. Amma sun bar fuskar da suffar jikin yadda za a shaida shi, domin idan ba a gane tsohon jarumi a cikin sabon azzalumi ba, ba wanda zai ji zafin rashinsa.

Har ila yau, sun juya baiwarsa ta yaƙi kamar yadda ake juya riga. Da can yana da ikon warkar da rayayyu da ƙona gawawwaki. Yanzu yana warkar da gawawwaki, yana cutar da rayayyu. Da can yana tayar da dakarunsa da suka faɗi su koma cikin rai; yanzu yana tayar da gawa ta yi masa bauta na ɗan lokaci. Da can yana da garkuwar haske mai kare shi. Yanzu idan ya ji rauni sai ya kashe ɗaya daga cikin nasa ya sha ƙarfinsa. Ta haka halin mutumin ya shiga cikin dokokin wasan kansu.

WASU MISALAI

Ba Blizzard kaɗai ke bin wannan hanya ba, kuma ba da Arthas ya fara ba. A ƙarshen wasansa mai suna Diablo, jarumin da ya kashe shaiɗanin ya soka dutsen da aka tsare ruhinsa a goshinsa, yana zaton zai iya danne shi. A Diablo II na shekarar 2000 sai ga shi shaiɗanin ya cinye shi, shi ne kuma abin farauta.

A ƙasar Japan, kamfanin Square ya fito da Final Fantasy VII a 1997. A ciki akwai Sephiroth, wanda Tetsuya Nomura ya zana da dogon gashi ruwan azurfa da baƙar riga da zungureren takobi. Shi ne sojan da yara ke burin zama kamarsa, har ranar da ya karanta takardun da suka nuna masa cewa gwajin masana ne ya samar da shi, ya fito ya ƙone garin Nibelheim. A 2012 kuma kamfanin FromSoftware ya ƙara labarin barde Artorias a wasan Dark Souls. Shi duhu ne ya fi ƙarfinsa, ya bar garkuwarsa don ta kare kyarkecinsa, kuma mai wasa yakan same shi da karyayyen hannu, hankali ya gushe. Kowannensu da ƙofar da ɓarna ta shigo masa: ɗaya yarda da kai fiye da kima, ɗaya ɓacin rai, ɗaya kuwa ɗaukar kayan da suka fi ƙarfinsa.

ƘARSHEN YARIMA

A ƙarin wasan da ya fito a 2003, The Frozen Throne, Arthas ya hau dutsen ƙanƙara ya ɗora wa kansa kwalkwalin sarkin gawawwaki. Ran 13 ga watan Nuwamba, 2008, aka fito da Wrath of the Lich King, wanda aka sayar da miliyan 2.8 a rana ta farko. A farkon 2010 aka buɗe wa 'yan wasa ƙofar yaƙarsa, cikin ƙungiyoyin mutum 10 ko 25. Ba su ci nasara ba sai da wani barde mai suna Tirion ya karya takobin, rayukan da ya haɗiye suka fito, har da na Sarki Terenas, wanda ya tallafi ɗansa yana mutuwa.

Abin lura ga iyaye da malamai, da duk mai riƙe da wani iko komai ƙanƙantarsa, shi ne ba takobin ne ya fara lalata Arthas ba. Kafin ya taɓa shi ya riga ya kori malaminsa, ya ƙi umurnin mahaifinsa, ya yi wa dakarunsa ƙarya, kuma a kowane mataki yana cewa don talakawa yake yi. Masu tsara wasan sun jinkirta la'anar har babi na 9 don a ga cewa yariman da ƙafarsa ya taka zuwa gare ta, bayan mutum uku masu ƙaunarsa sun ce masa bari.