Sikila a Darmanawa: maganar zaure da maganar jini

Duk mazaunin unguwar Darmanawa a Kano ya san iyayen nan. Da sassafe za ka ga uwa ta tare adaidaita sahu, goye da yaro, riƙe da fulas da tabarma, ta nufi Asibitin Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya. Tafiyar ba nisa, amma kafin ta fito ta riga ta sha maganganu daga maƙwabciya da uwar miji da mai kemis. Yaro mai amosanin jini, wato sikila, kowa likitansa ne.

Maganar da ta fi ciwo ita ce "a wajen uwarsa ya kwaso". Ƙarya ce tsagwaronta. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In iyayen duka AS ne, kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 na zuwa da ciwon, kuma cikin bana bai san abin da na bara ya yi ba: ana iya haifar uku a jere da shi, ana iya haifar biyar babu ko ɗaya. Maigidan da ya ƙaro aure yana nuna 'ya'yan amarya lafiya lau bai wanke kansa ba, S ɗinsa na nan daram. Gadon sikila na cikin abin da ya sa a 2024 jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin ɗaurin aure.

Sai masu cewa ɗan wabi ne, ko maye ya kama kurwarsa. Na fahimci inda wannan ya samo asali, don yaron da aka yi wasa da shi da la'asar sai ya kwana yana ihun ƙashi. Amma dalilin yana cikin jini. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya suna yin kwana 120, na mai sikila kuwa 10 zuwa 20, kuma suna lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Sanyin hunturu da ƙishirwa da zazzaɓi ke tayar da abin. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Tsaga a kan kumburarriyar saifa kuwa jinin da ba shi da shi take zubarwa.

"Ba sa wuce shekara 20"? A Kano akwai masu sikila da suka aurar da 'ya'ya. Gaskiyar da ke maƙale a zancen ita ce shekarun farko sun fi haɗari, saboda zazzaɓin cizon sauro da ƙwayoyin cuta, kuma su ne rigakafi da gidan sauro da fenisilin ke tarewa.

Ga wadda ta fi rikita iyaye: "hydroxyurea maganin kansa ne". Gaskiya ne, an daɗe ana ba masu wasu cututtukan daji na jini. Abin da ba a ƙarasa faɗa shi ne, a jikin mai sikila yana ƙara irin jinin da jariri ke zuwa da shi, wanda ba ya lanƙwashewa. Ba kuma daga Turai kawai aka jiyo labarin ba. Likitocin wannan asibitin na maƙwabtanmu, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun gwada shi a kan yaran Kano da awon jijiyoyin kai ya nuna suna dab da shanyewar ɓarin jiki, aka ga yana kare su. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda kusan 1 cikin 10 na masu SS kan gamu da shanyewar tun suna yara in ba a tare ta ba. Sharaɗinsa dai likita ya rubuta, a kuma riƙa gwajin jini.

Kwalbar "maganin ƙarin jini" ta kemis fa? Yawancinta sinadarin ƙarfe ne, mai sikila kuwa galibi ba shi ya rasa ba, wanda ake yawan yi wa ƙarin jini ma yakan taru ya yi masa yawa. Shi ya sa folik asid ake ba su. Ƙarin jinin kansa ba ya sa yaro "ya saba", ba ya kuma ɗora masa halin mai jinin.

Dashen ɓargo yana warkarwa, gaskiya ne, an fara yin sa a Najeriya a birnin Benin a 2011. Sai dai yana buƙatar wanda ɓargonsa ya dace, yawanci ɗan uwa shaƙiƙi, ga haɗari, ga kuɗin da ya fi ƙarfin talaka. Duk mai tallar jiƙon da ke mayar da SS ya koma AA aljihunki yake hari, Maman yaro.

Daren da jikin yaro ya kai 38 a ma'aunin zafi, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko bakinsa ya karkace, ba a jiran asuba. A ɗauki katinsa, a buga wa mai adaidaita ƙofa.