Ledar kebul ɗin da ke ƙarƙashin gadonka

Kusan kowane ɗakin ɗalibi akwai ta: leda cike da kebul da suka sarƙe, an ajiye wai ko wata rana za su yi amfani. To, zazzage ta mu gani.

Cajar laftof mai aiki, kar ka kuskura ka yar. Ta asali tana da tsada, jabu kuma kan kashe batir. Ka riƙe HDMI, har da VGA mai shuɗin kan nan, don tsofaffin majigin ɗakunan lacca shi suka sani, kuma ranar kare furojet ba ranar yawon aro ba ce. Ɗaya-ɗaya ya isa.

Micro-USB kam zamaninsa na wucewa. Tun Disambar 2024 Tarayyar Turai ta wajabta USB-C ga sababbin wayoyi, Apple ma ta koma kansa daga iPhone 15 a 2023. Bar guda saboda fitilar caji. Sauran, in kana Kano, gwada masu gyara a Farm Centre ko Beirut Road, ko kuɗin data ka samu.

Matsalar tana ga waɗanda suka mutu. Jan ƙarfen cikinsu 'yan jari-bola ke so, amma wasu ƙona su suke yi don su ciro shi. Robar PVC in ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai guba, kuma yaran da ke jujjuya wutar ne ke fara shaƙa. Don haka tambayi mai sayen: ɓare robar yake yi ko ƙonawa? In ƙonawa ne, jira wani ya zo.