Kafin Ka Ce "Na Saya": Yadda Ake Cinikin Mota Ba Tare da Cizon Yatsa Ba

Wani zai ga kan wannan rubutu ya yi dariya, ya ce mu da muke fama da kuɗin fotokwafi da na adaidaita, ina mu ina cinikin mota? To ai ba sai taka ba. Ranar da Baba ya karɓi garatuti, ko yaya ya turo kuɗi a saya wa gida mota, kai za a kalla a ce, "Kai ne ɗan boko, bi shi ka duba." Kuɗin nan kuwa wani lokaci gumin shekara 35 ne na aikin gwamnati. In suka tafi a banza, babu wasu a baya.

Mutane da yawa sun ɗauka iya ciniki shi ne ka matsa wa dila har ya rage maka dubu ɗari biyu. Amma ina amfanin ragin dubu ɗari biyu a motar da za ta ci miliyan ɗaya a gareji cikin wata uku? Araha ba ta ado. Wanda ya san abin da yake saya, shi ne ke cin ribar ciniki.

Fara lissafi daga gida

Kada ka tafi da niyyar kashe duk abin da ke hannunka a kan farashin motar. Bayan an sallama akwai la'adar dillali, akwai rajista da lamba, akwai inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023. In ba sabuwa ba ce, ƙara juyen baƙin mai, batir da wataƙila tayoyi. Sai ka cire duk wannan, abin da ya rage shi ne ainihin ƙarfinka.

Ka kuma yi tunanin mai. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, mota mai silinda shida ta zama kaya a wuyan mai ƙaramin albashi, shi ya sa za ka ga babbar mota ta fi ƙarama araha ka yi ta mamaki. Tambayi bakaniken unguwarku ko ya san kanta, kuma ko ana samun kayan gyaranta a garinku. Abin da ya sa ake rububin Toyota Corolla ke nan, ba don ta fi kowace kyau ba.

In sabuwa ce fil a leda

Sabuwar mota ma ana cinikinta, ko ta Innoson ce daga Nnewi, ko Peugeot ɗin da ake haɗawa a Kaduna, ko ta waje. Nemi farashi a rubuce daga wurare uku, kuma ka ce a ba ka jimillar kuɗin da za ka biya har ka fita da ita. Tambayi garanti: shekara nawa, kilomita nawa, kuma ina za a kai ta in ta samu matsala? Garantin da sai an ja mota zuwa Legas, rabin garanti ne. In dila ya ƙi rage kuɗi, nemi ya ƙara maka sabis kyauta ko ya ɗauki nauyin rajista.

In biya sannu a hankali za a yi, ko a banki ko a ƙungiyar ma'aikata, kada kuɗin wata-wata ya ruɗe ka. Ninka shi da yawan watannin, ka haɗa da kafin alƙalami, sannan ka kwatanta da farashin kuɗi hannu.

In 'yar Beljiyam ce ko ta hannu

Nan ne ake yin cinikin biri a sama. Kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da lambobi 17, wadda ake kira VIN. Za ka gan ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ƙofa. Tabbatar iri ɗaya ce da ta takardu. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, na goma a jerin shi ke nuna shekara: 8 na nufin 2008, A 2010, C 2012. Wannan na da amfani, domin ana sauya wa tsohuwar mota fitilu da bamba ta koma kamar sabon yayi. Da lambar nan kuma za ka iya biyan kuɗi kaɗan a intanet, a shafi irin Carfax, ka ga ko ta taɓa mummunan haɗari ko ambaliya ta cinye ta.

Je ka da rana, kuma da bakaniken da kai ka zaɓo, ba wanda dila ya nuna maka ba. Ka roƙi kada a tayar da injin kafin ku iso, domin inji mai sanyi ba ya ɓoye ciwonsa. Da ka murɗa makulli, fitilar gargaɗin inji ta kamata ta kama, sannan ta mutu in mota ta tashi. In ba ta kama ba sam, wataƙila an kashe bakinta ne. A jona na'urar bincike, a ɗaga shimfiɗa a duba tsatsa da warin danshi, a leƙa salansa a ga ko an cire abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi. Duba taya ma: lambobi huɗu kamar 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Sannan a hau titi a ji yadda giya ke shiga.

Takardun kwastan kuwa, kada ka yarda da "wallahi Alhaji komai lafiya". Kai lambar motar ofishin kwastan a tantance an biya duti. Motar da ba ta da shi ana iya ƙwace ta a hanya, kai da iyalinka a ciki.

Wajen tayi

Kada ka faɗi abin da ke aljihunka, kada kuma a ga ka ƙwallafa rai. Duk aibin da bakanike ya gano, sa masa kuɗi ka cire daga tayinka. Ka ga yanzu da hujja kake magana. In aka ce maka "albarka", ba faɗa ba ne, yi godiya ka kama hanya, sau da yawa waya za ta biyo ka. Maganar "akwai wanda zai zo da kuɗi anjima" kuwa, bar shi ya zo. Ku yi maganar la'ada tun kafin a sallama. Biya ta banki zuwa asusun mai motar, a rubuta takardar ciniki da shaidu, a sauya sunan mallaka ba da ɓata lokaci ba.

Garaje ba ƙarfi ba ne. Kwana biyu na bincike ya fi shekara biyu ana zarya gareji, Baba yana kallonka ba ya cewa komai. Allah ya sa mu gama lafiya, ya kuma hore mana namu na kanmu.