Nutso Don Kallo: Daga Tsibiran Yauri Zuwa Murjanin Zanzibar

Nutso iri biyu ne. Akwai wanda mutum zai cika huhunsa da iska, ya riƙe numfashi, ya shige ƙarƙashin ruwa na minti ɗaya ko biyu. Akwai kuma wanda zai goya tukunyar iska a baya ya ci gaba da numfashinsa a can ƙasa kusan awa guda. Na farkon an san shi a ƙasar Kebbi tun kaka da kakanni. Na biyun, wanda ake kira sukuba, bai cika shekara ɗari ba a siffarsa ta yau, amma ya riga ya zama abin da ke ciyar da dubban gidaje a tsibiran ƙasashe masu zafi.

A cikin Kebbin, Zuru ƙasar tudu ce da duwatsu, rafukanta su cika da damina su janye da rani. Mai neman babban ruwa daga nan sai ya gangara Yauri, inda kogin Neja ya buɗe, da tsibirai a tsakiyarsa. A kan waɗannan tsibirai Gungawa suka daɗe da zama, suna noma suna su, tare da Sarkawa masunta da suka biyo kogi daga arewa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin da ya taru ya shanye tsibirai da garuruwa da dama, har da tsohon garin Bussa, aka sake wa fiye da mutum 40,000 matsuguni. A Argungu kuwa, a bikin kamun kifi da ya samo asali a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, gasar nutso na cikin wasannin kabanci, tare da tseren kwale-kwale da kamun agwagwa da kamun kifi da hannu.

Sai dai nutson kogi na aiki ne. Ana yin sa don kwance taru da ya maƙale a kututture, ko lalubo kifi a rami, ko kuma, a ranar baƙin ciki, neman gawa, kamar yadda masunta suka yi a Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski bayan kifewar jirgi a watan Mayun 2021. Ba mai shiga don ya ga wani abu, domin babu abin da ido zai gani. Neja na ɗauke da laka, musamman lokacin ruwan damina na kusa, wanda ke shigowa tafkin Kainji fari fat da tabo. Ko ruwan da ke isowa da hunturu daga tsaunukan Gini, wanda ya fi tsabta don ya zubar da lakarsa a hanya, ba ya bari a hangi nesa. Mai nutson Yauri da tafin hannu yake gani. A gefen tsibirin murjani kuwa, ranar da teku ta kwanta, ana iya hangen abu daga nisan mita 20 ko 30, kuma wannan bambancin ne ya sa nutson kallo ya zauna can.

Na'urar da ta buɗe wannan ƙofa Faransawa biyu ne suka haɗa ta a 1943: Jacques Cousteau, sojan ruwa, da injiniya Émile Gagnan. Aikinta shi ne ta sauke ƙarfin iskar da aka matse a tukunya, ta ba mai nutso daidai gwargwadon matsin ruwan da ke kewaye da shi, kuma sai ya ja numfashi take sakowa. Mutane da yawa na zaton oksijin zalla ke cikin tukunyar. Iska ce irin wadda kowa ke shaƙa, kashi 21 cikin ɗari oksijin, kashi 78 naitirojin, an dai tace ta an matse. Sauran kayan su ne tabarau mai rufe ido da hanci, takalman roba masu faɗi don tura ruwa, ɗamarar dalma don nauyi, da riga mai jakar iska da ake hurawa ko sacewa har mutum ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, bai nutse ba bai taso ba.

Duk ilmin nutso ya rataya ne a kan matsi. Kowace mita 10 ta zurfin teku tana ƙara wa jiki nauyi daidai da na iskar duniya baki ɗaya. Ke nan a mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu, kuma tukunyar da za ta kai awa a kusa da sama za ta ƙare cikin rubu'in wannan lokaci a can ƙasa. Kunne ne ke fara kokawa, shi ya sa ake toshe hanci a hura a hankali tun daga mita ta farko. Daga nan sai dokar da ta yi hannun riga da tarbiyyar ɗan kogi: mai sukuba ba ya riƙe numfashi ko kaɗan. Iskar da ya shaƙa a mita 10 za ta kumbura ta ninka biyu kafin ya iso sama, in ya danne ta tana iya yaga huhu. Gwanin nutson kogi, wanda duk bajintarsa a riƙe numfashi take, sai ya fara kwance wannan sabo kafin ya koyi sabon.

Haɗari na biyu naitirojin ne. A zurfi yana narkewa cikin jini da tsoka. In aka taso da gaggawa sai ya fito kumfa-kumfa a cikin jiki, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka ɓalle murfinsa, ya jawo ciwon gaɓoɓi, shanyewar jiki, wani lokaci mutuwa. Don haka ake tasowa sannu a hankali, a tsaya minti uku a mita biyar, kuma ba a hawa jirgin sama sai bayan awa 12 da nutso guda, ko awa 18 in an yi da yawa. Takardar shaidar matakin farko, irin wadda ƙungiyar PADI ke bayarwa bayan horon kwana uku zuwa huɗu, tana ba da izinin mita 18 ne kawai, iyakar masu nutson nishaɗi duka kuma mita 40. Mai farfaɗiya da mai sikila an hana su, mai asma ko ciwon zuciya sai likita ya duba shi ya amince.

Cikin tsibiran Afirka da suka yi suna a wannan harka, Zanzibar na da sauƙin zuwa ga ɗan arewa: jirgin Ethiopian Airlines na tashi daga Kano ko Abuja, a sauya a Addis Ababa, kuma mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, abinci da masallaci ba abin damuwa ba ne. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, a Tekun Indiya, kuma tun 1964 suke haɗe da Tanganyika a ƙasar Tanzaniya.

Abin da ake zuwa kallo shi ne murjani. Kamar dutse yake a ido, amma ƙananan halittu ne masu rai da ke gina wa kansu gida na farar ƙasa, ƙarni bayan ƙarni, har ya zama tudu a ƙarƙashin ruwa. Irin wanda ake zuwa kallo ba ya rayuwa sai a ruwa mai ɗumi, mai tsabta, wanda hasken rana ke ratsawa, shi ya sa ba a samun tudunsa a bakin manyan koguna irin Neja.

Wurin da ya fi suna a Unguja shi ne kewayen ɗan tsibirin Mnemba, a arewa maso gabas, daura da ƙauyen Matemwe. Tsibirin kansa a hannun masu wani masauki yake, ba a sauka a kansa, amma murjanin da ya zagaye shi a buɗe yake ga masu jirage. Akwai wurare marasa zurfi da suka dace da ɗan koyo, akwai gangare mai zurfi ga wanda ya ƙware, ana kuma yawan haɗuwa da kunkurun teku da garken dolfin. Sunan da ya yi ne ya zame masa matsala, domin a lokacin cikar baƙi jiragen kan yi yawa har su rage masa armashi. Daga Nungwi, can ƙuryar arewa, ake zuwa Leven Bank, wani tudu a tsakiyar teku inda ruwa ke gudu da ƙarfi, manyan kifaye na farauta. Wannan ba wurin sabon shiga ba ne.

Gefen yamma, gaban tsohon birnin Stone Town, ruwan bai kai na arewa haske ba, amma yana da tarihi. Akwai murjani a kewayen Bawe da Pange, kuma a mashigar birnin ne jirgin yaƙin Jamus mai suna Königsberg ya nutsar da na Ingila, Pegasus, ranar 20 ga Satumba 1914. Kudu kaɗan akwai tsibirin Chumbe, wanda aka keɓe murjaninsa tun 1994. A nan an hana kamun kifi, an hana sukuba sai ga masu bincike, baƙo sai dai ya yi iyo a sama da tabarau da bututun numfashi. Sakamakon wannan tsanani shi ne murjanin Chumbe na cikin mafi lafiya a gabashin Afirka.

Pemba, tsibirin kanumfari, daban take. Mashigin da ya raba ta da gaɓar Tanzaniya yana da zurfin ɗaruruwan mitoci, don haka a yammacinta, wuraren Njao da Fundu da kewayen Misali, murjanin kan tsaya ne kamar bango ya gangara cikin duhu. Ruwanta ya fi haske, baƙinta sun fi ƙaranci, igiyarta ta fi ƙarfi, kuma gogaggun masu nutso da yawa sun fi fifita ta a kan Unguja. Can kudu kuma akwai Mafia, wadda ba ta cikin gwamnatin Zanzibar, inda aka kafa gandun teku a 1995. Daga wajen Oktoba zuwa Maris kifin da ya fi kowane girma a duniya, wani nau'in shak mai ɗigo-ɗigo da ba ya cin mutum, yakan zo kiwo kusa da gaɓarta.

Iska ce ke tsara shekarar mai nutso a wannan yanki. Daga Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas, kaskazi, ke kaɗawa, ruwa ya yi ɗumi har wajen digiri 29. Daga Yuni zuwa Satumba ta kudu, kusi, ke karɓa, ta fi ƙarfi, ruwan ya sauko wajen digiri 25. Afrilu da Mayu damina ce mai nauyi, masaukai da yawa kan rufe. Ɗumin da murjani ke so shi ne kuma ke kashe shi in ya wuce kima: a 1998 da 2016 zafin teku ya sa murjani mai yawa ya koɗe ya yi fari a gabashin Afirka, wani ya farfaɗo, wani ya mutu. Kamun kifi da nakiya, wanda ya daɗe yana ɓarna a gaɓar Tanzaniya, da anka da ake jefawa kan murjani, sun ƙara nasu. Shi ya sa a wuraren da aka keɓe ake karɓar kuɗin shiga daga kowane baƙo, kuma jagororin nutso ke hana taɓa murjani ko ɗaukar ko da ɓallensa.