Cunkoson Motoci A Ƙofar Makarantu: Asarar Da 'Yan Kasuwar Ikko Ke Ɗauka

Duk mai harkar sufuri ko fatauci a birnin Ikko ya san cewa tituna kan sami sauƙi a watan Agusta, lokacin da makarantu ke dogon hutu, sannan al'amura su sake rincaɓewa da zarar an koma karatu a watan Satumba. A tsakanin watannin biyu ba a faɗaɗa wata hanya ba, ba a kuma rufe wata ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne dubban motocin iyayen yara da ke fitowa a lokaci guda da sassafe, su kuma komo da rana domin ɗaukar 'ya'yansu.

Wannan cunkoso yana da tsada, kuma ba masu haddasa shi kaɗai ke biya ba. Direban da ya yi lodin tumatir da albasa a kasuwar Mile 12 zai kai wa masu sari a Ikeja ko Surulere, idan ya maƙale rabin sa'a a bayan layin motocin wata makaranta, mai yana ƙonewa, kaya suna laushi, sawu biyun da ya yi niyya kuma sai ya koma ɗaya. Mai kantin da ke maƙwabtaka da makarantar shi ma an toshe masa ƙofa a daidai lokacin ciniki. Asarar ta ƙara nauyi tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, sa'ad da aka janye tallafin man fetur, farashin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa kimanin Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma kai wajen Naira 1,000 a ƙarshen shekarar 2024.

A ilmin tattalin arziki, wannan shi ne hasarar da wani ke jawowa amma wani dabam ya ɗauka. Mai makarantar da bai tanadi filin tsayawar motoci ba ya tsimi kuɗin fili, wanda a Ikoyi ko Lekki ba ƙaramin abu ba ne, ya mayar da titin jama'a tashar makarantarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tushen matsalar yana cikin yadda ilmi ya sauya a jihar. A zamanin Gwamna Alhaji Lateef Jakande, daga 1979 zuwa 1983, an soke tsarin karatun safe da na rana, aka gina azuzuwa a unguwanni domin yaro ya yi karatu kusa da gidansu. Bayan haka makarantu masu zaman kansu suka yi ta yaɗuwa, har wani ƙidayar da aka gudanar a shekarar karatu ta 2010 zuwa 2011 ya gano fiye da 12,000 a jihar, ɗauke da sama da rabin ɗalibanta. Galibinsu ƙanana ne da yara ke zuwa da ƙafa. Cunkoson ya fi fitowa daga masu tsada, waɗanda ke jawo ɗalibai daga nesa, alhali da yawansu suna kan titunan da aka tsara domin gidajen zama.

Ɗan lissafi zai nuna inda gizo ke saƙa. A ɗauka cewa wata makaranta tana karɓar motoci 300 kowace safiya, ƙofarta kuma tana ɗaukar biyar a lokaci guda. Idan kowace mota ta tsaya minti biyu, a sauke jaka, a yi sallama, motoci 150 kawai za a sallama a cikin sa'a ɗaya. To amma kusan dukansu suna isowa ne a cikin rabin sa'ar ƙarshe kafin a kaɗa ƙararrawa, wanda a cikinsa 75 ne za su sami shiga. Sauran 225, idan kowace ta ci mita shida na titi, sun yi layin da ya wuce kilomita ɗaya. Da rana abin ya fi muni, domin direbobi kan zo tun kafin a tashi, su kafe motoci a bakin titi suna jira.

Wannan lissafin ne kuma ke nuna magani. Idan makaranta ta sa ma'aikata a ƙofa suna buɗe mota suna karɓar yara, direba bai fito ba, aka kuma mayar da shiga da fita hanya ɗaya, tsayuwar za ta iya komawa rabin minti, ƙofar nan dai ta sallami motoci 300 cikin rabin sa'a. Idan aka raba lokacin shiga da na tashi tsakanin 'yan nazare da 'yan firamare da na sakandare, ko tsakanin makarantun da ke titi ɗaya, nauyin ya ragu ba tare da an kashe ko kwabo ba. Bugu da ƙari, bas goma masu cin mutum 30 za su kwashe yara 300. A nan akwai kasuwa ga masu jarin sufuri, muddin sun iya ba iyaye tabbacin lafiyar mota, da direba sananne, da mai rakiyar yara, domin rashin amana ne ke sa uba ya gwammace ya ƙona mansa. Haka nan mai filin da ke zaune ba amfani kusa da makaranta yana iya ba da shi haya na sa'o'in safe da na rana.

Wasu ƙasashen sun ɗauki wani matakin. Garin Bolzano na ƙasar Italiya ya fara rufe titunan gaban makarantu ga motoci a lokacin shiga da tashi tun 1989, birnin Landan kuma yana da ɗaruruwan irin waɗannan tituna a yau. Amfaninsu bai tsaya ga rage cunkoso ba, har da kare rayuka, abin da Ikko ta san zafinsa a watan Disamban 2021, lokacin da wata babbar mota ta hallaka ɗalibai a Ojodu bayan an tashi daga makaranta.

Sai dai hani kaɗai ba ya wadatarwa. A shekarar 1977 an kafa dokar raba wa motoci ranakun shiga tsakiyar Ikko bisa ga lambarsu, masu hali suka sayi mota ta biyu, cunkoso ya dawo. Jami'an hukumar LASTMA, wadda aka kafa a shekarar 2000, suna iya tsara layi, amma ba za su ƙirƙiro filin da babu shi ba.

Saboda haka babban aikin yana hannun hukumomin ilmi da na tsara birane. Idan aka sanya tsarin sauke yara da ɗaukarsu cikin sharuɗɗan ba makaranta izini da sabunta shi, kuɗin zai koma kan mai makaranta da iyayen da ke amfana. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi, waɗanda suka daɗe suna ɗaukar wannan asara shiru, su ne suka fi cancanta su matsa a yi hakan, a Ikko da Abuja da Fatakwal da sauran biranen da ke bin sawunsu.