Bairos Masu Cin Bakteriya a Ruwan Gishiri

Akwai wani jinsin bairos da ba ya kama mutum, ba ya kama dabba ko tsiro. Bakteriya kaɗai yake shiga ya hayayyafa, masana kuma suna kiransa faj. Frederick Twort ne ya fara lura da shi a Ingila a 1915, sannan Félix d'Hérelle ya sake gano shi a Cibiyar Pasteur ta Paris a 1917. Duk ruwan da bakteriya ke rayuwa a ciki, to faj na nan tare da ita, ko da ruwan zartsin da ke kwance a gindin kufan Jado ne, a arewa maso gabashin jihar Agadez, ko ramukan gishirin Kawar, irin na Siggidim da na Bilma, inda ake yin kantu da beza.

Yawan faj ya daɗe a ɓoye saboda ƙanƙantarsa. Sai a 1989 masu bincike a Norway suka nuna cewa bairos sun cika ruwa fiye da yadda ake zato nesa ba kusa ba. A yau an san mililita ɗaya na ruwan teku kan ƙunshi kimanin miliyan 10. Ruwan teku kuwa giram 35 na gishiri ke cikin kowace lita. A ramin da rana ta ƙone ruwa har gishiri ya fara daskarewa, ƙarfin gishirin kan ninka haka kusan sau 10, kuma a irin waɗannan ramuka a Sifen an ƙidaya bairos har biliyan 1 a mililita. Dalilin yawan a fili yake: gishiri ya kori kusan duk ƙananan halittun da ke cin bakteriya, ya bar wa bairos fage.

Siffar da aka fi sani ita ce ta kai da bindi. Kan ƙoƙo ne na furotin mai fuska 20, a cikinsa aka cusa zaren DNA. Bindin shi ke laluben bakteriyar da ta dace, ya manne mata, ya huda bangonta, ya tura zaren ciki. Ƙoƙon na tsayawa a waje. Da wannan ne Alfred Hershey da Martha Chase suka tabbatar a 1952 cewa DNA ce ke ɗauke da gado.

Sai dai ruwan gishiri ba ya bin wannan tsari sau da ƙafa. Faj mai suna PM2, wanda aka samo a gaɓar tekun Chile a 1968, ba shi da bindi, kuma yana da shimfiɗar maiƙo a ƙarƙashin ƙoƙonsa, abin da ba a taɓa gani a jikin faj ba kafin shi. A Tafkin Retba na Senegal, wanda ruwansa kan yi ja-ja, binciken da aka wallafa a 2011 ya samu cewa masu kai da bindi ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Sauran akwai ƙulalai, akwai masu kama da zare, akwai masu siffar mazari, tsakiya da kauri, bakin biyu da tsini. Galibinsu sun fi kama da bairos ɗin arkiya, wasu halittu masu ƙwaya ɗaya da suka bambanta da bakteriya, waɗanda su ne suka fi yawa idan gishiri ya kai maƙura. Furotin ɗin mazauna irin wannan ruwa cike yake da sinadaran asid masu riƙe ruwa, shi ya sa da yawa daga cikin bairos ɗinsu kan lalace da zarar an sirka musu ruwan daɗi.

Tsawon zaren gadon ya bambanta ƙwarai. Na PM2 haruffan DNA kusan 10,000 ne a zagaye. Na T4, mai kama bakteriyar hanji, ya kai kimanin 169,000, da ƙwayoyin gado kusan 300. Babban kaso na ƙwayoyin gadon da ake karantowa daga ruwan gishiri ba su da kama da komai a rumbunan bayanan masana.

Bayan zaren faj ya shiga bakteriya, hanya biyu ce. Ko dai faj ya ƙwace kayan aikin bakteriyar ya ƙera 'ya'yansa da su, ta fashe su fito, ko ya saƙa zarensa cikin nata ya yi likimo, tana rabuwa tana raba shi. Hanya ta farko ce ke kashe kimanin kashi 20 cikin 100 na ƙananan halittun teku a kullum, abincin da ke jikinsu ya koma ruwa. Ta biyun ta fi shafar ɗan Adam, domin faj kan ba mai masaukinsa sabon hali. Bakteriyar kwalara, wadda asalin mazauninta ruwan zartsi ne na bakin teku, misali ce: a 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos suka nuna cewa ƙwayoyin gadon dafin da ke jawo gudawar kwalara na wani faj ne mai siffar zare, mai suna CTX.