Gudun wuce sa'a da dalilin ƙwacewar mota

Idan aka ce mota ta ƙwace wa direba, ana nufin ta ci gaba da tafiya da ƙarfin gudunta alhali sitiyari da birki sun daina yi masa biyayya, kuma wannan hali yana da sababi sananne a ilimin kimiyyar lissafin motsi. Duk abin da ke tafiya yana ɗauke da kuzarin motsi, wato ƙarfin da dole a kashe kafin ya tsaya, kuma kuzarin yana ninkawa sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu. Saboda haka motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana bukatar kimanin ninki huɗu na filin da mai gudun kilomita 50 ke bukata bayan an taka birki. Kafin ma ƙafar direba ta kai ga birkin, motar da ke gudun kilomita 100 tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa.

Wannan lissafi ya fi yin nauyi a yankin noma irin na Karfi, tsakanin Funtuwa da Malumfashi, musamman da kaka, lokacin da ake kwasar masara da dawa da auduga zuwa kasuwa. Ƙaramar motar da aka ƙera domin fasinja biyar akan danƙare ta da buhuna har bayanta ya zauna, a ɗaure wasu a sama da igiya, wanda hakan ke rage nauyin da ke danne tayoyin gaba, su ne kuwa ke karɓar umarnin sitiyari. Lodin sama yana ɗaga cibiyar nauyi, wato wurin da nauyin mota ya taru, ta yadda a kwana motar kan karkata, wani lokaci har ta kife. Tsohuwar tayar da zanenta ya suɗe, da yashin da ruwa ya jawo kan kwalta, suna ƙara rage riƙon da ke tsakanin mota da titi.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade kilomita 50 a awa a cikin gari, kuma tun 2017 take tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu. Sai dai na'urar tana hana wuce wata iyaka ne kawai, ba ta san an shigo gari ba, ba ta kuma ganin yaron da ke tsallaka titi da faranti a ka ko amalanken shanu da ya fito daga hanyar gona. Abin takaici shi ne, gudun da na'urar ta halatta a kan babbar hanya ya isa ya kashe mai tafiya a ƙasa idan aka shigo da shi tsakiyar kasuwa, inda masu talla da 'yan acaɓa da masu dako ke cinkushe a bakin kwalta.